Amsa ga ɗalibin da zai zo Kalgari: yadda ake kula da injin kwashe dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa ka samu gurbin karatu a Jami'ar Kalgari da ke ƙasar Kanada, Allah Ya sanya albarka. Ka ce mai gidan da za ka kama ɗaki a ƙasan gidansa ya yi tayin rage maka kuɗin haya idan ka ɗauki nauyin share dusar ƙanƙara a lokacin hunturu, da sharaɗin cewa tsohon injin da ke garejinsa zai koma hannunka, kai za ka yi aiki da shi, kai kuma za ka kula da shi. Kana tambaya ko sanin da ka yi wa janareto a gida zai wadatar, da kuma abin da za ka yi don kada injin ya mutu a hannunka a ce kai ka kashe shi.

Ni dai ina ganin ka karɓi tayin, amma ka san nauyin da kake ɗauka. Dokar birnin Kalgari ta wajabta wa mai gida ko mazaunin gida ya share hanyar masu tafiya da ƙafa da ke gaban gidan cikin awa 24 bayan dusar ta daina sauka, kuma ana cin tarar wanda ya yi sakaci. Dusar na iya farawa tun watan Oktoba ta kai har Afrilu, watan Maris ma shi ne ya fi yawanta. Ke nan ana bukatar injin da zai tashi da asuba, sanyi na digiri 25 ƙasa da sifili, kafin ka kama hanyar makaranta.

Sanin janareto zai ɗauke maka rabin aiki, domin cikin injin kusan ɗaya ne: fetur, fulogi, kabireta, baƙin mai, da igiyar ja. Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata ka riƙe tun yanzu. Janareto a gida kusan kullum a bakin aiki yake, fetur ba ya daɗewa a tankinsa. Wannan injin kuwa yana kwance kimanin wata shida a gareji ba a taɓa shi ba, kuma a cikin wannan kwanciyar ne yawancin injuna ke lalacewa. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mai a nan yawanci an gauraya shi da wani sinadari mai suna itanol, har zuwa kashi 10 cikin 100. Itanol yana jawo laima daga iska, fetur ɗin kuma yakan fara lalacewa bayan kamar wata guda, ya bar wani dauɗa mai danƙo da ke toshe 'yan ƙananan ƙofofin kabireta. Idan ka ga inji ya ƙi tashi a farkon hunturu, ko yana tashi amma ƙararsa na hawa tana sauka, ko kuma ba ya tsayawa sai cok na rufe, to ka fara tuhumar tsohon fetur kafin ka tuhumi komai.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ka riƙa sayen fetur kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da za ka ƙarar cikin wata guda, kuma ranar da ka sayo shi ka zuba masa ruwan da ke hana fetur lalacewa, wanda ake samu a Canadian Tire da sauran shagunan kayan mota. Tun a jarka ake zuba shi, domin ba ya farfaɗo da man da ya riga ya lalace. Idan hunturu ya wuce, ka tsiyaye tankin, ka tayar da injin a waje ka bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, sannan ka kwance ɗan notin da ke ƙasan kwanon kabireta sauran man ya fita. Wasu sun fi son su cika tanki da mai mai magani su ajiye, kuma littafin wasu injunan ya yarda da hakan, amma ga tsohon inji irin wanda ka kwatanta na fi natsuwa da a bar kabireta a bushe.

Baƙin mai ba irin wanda ka saba zuba wa janareto ba ne. Mai kauri yakan daskare a wannan sanyin har igiya ta gagari ja, don haka 5W-30 ake amfani da shi. A yi juye sau ɗaya a shekara, a duba geji kafin kowane aiki. Fulogi kuma a cire shi a duba a farkon kaka, a canja idan ya yi baƙi ko ya cinye. Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancin waɗannan injunan ba su da matatar iska, saboda babu ƙura a hunturu kuma matatar za ta iya toshewa da ƙanƙara. Saboda haka kada ka daɗe kana kunna shi a wuri mai ƙura da bazara.

Yanzu ga inda sanin janareto ba zai taimake ka ba, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Babban inji mai mataki biyu yana da murɗaɗɗen ƙarfe a gaba wanda ke tattaro dusar, da farfela a bayansa mai cilla ta waje ta bututun sama. Wannan murɗaɗɗen ƙarfe an ɗaure shi a jikin sandarsa da wasu ƙananan ƙusoshi da aka ƙera da gangan don su karye idan injin ya ci karo da abu mai tauri. Karyewarsu ita ce aikinsu, tamkar yadda fis ke ƙonewa don ya tsare kayan wuta. A shekarata ta biyu a nan, injina ya haɗiye wani dutse a bakin lungun bayan gida, ƙusa ɗaya ta karye, ni kuma na ɗauko noti mai ƙarfi daga akwatin kayan aiki na sa a madadinta, ina ganin na yi gyaran da zai daɗe. Bayan mako uku ya sake cin karo da wani abu, notin bai karye ba, sai haƙoran akwatin giya suka farfashe. Kuɗin da gyaran ya ci ya kusa kuɗin da na sayi injin. Mu mun taso da dabarar maye gurbin abin da ya lalace da duk abin da ke hannu, kuma dabara ce da ta rufa mana asiri a gida, amma a wannan wurin ɓarna take jawowa. Ka sayi ƙusoshin da suka dace da lambar injin, ka ajiye huɗu ko shida, domin ranar da ake tafka dusa ba ranar yawon shago ba ce.

Don ka rage karya su, ka zagaya filin tun kafin dusar farko ta rufe shi, ka kwashe duwatsu, da tabarmar bakin ƙofa, da tiyon ban ruwa. Ka kula musamman da wayar lantarki da mutanen nan ke jona wa motocinsu da dare don ɗumama inji, domin takan kwanta a ƙarƙashin dusa ba a ganinta, kuma idan ta naɗe a ƙarfen gaba sai an sha wahala kafin a warware ta.

Akwai ranar da bututun zai toshe, musamman da jiƙaƙƙiyar dusar Maris da Afrilu. Don Allah, ƙanena, kada ka taɓa sa hannu a ciki. Ka kashe injin, ka jira komai ya tsaya cak, sannan ka yi amfani da ɗan sandan roba da ke maƙale a jikinsa, ko wani itace. Ko bayan an kashe inji, farfelar na iya zama a ɗaure da sauran ƙarfi, da zarar abin da ya toshe ta ya kauce sai ta juya, kuma ta haka ne mutane ke rasa yatsu kowace shekara a ƙasashen sanyi. Haka nan kada ka bar shi yana aiki a cikin gareji don gudun sanyi. Hayaƙinsa shi ne dai hayaƙin janareton da muka sha jin ya hallaka iyali guda cikin dare. Ka tura shi waje tukuna. Idan yana da maɓallin tayarwa na lantarki, ka jawo waya zuwa bakin ƙofa.

A gefe biyu na bakin injin akwai wasu takalman ƙarfe da yake zamewa a kansu, a ƙasa kuma akwai doguwar wuƙa mai kankare daɓe. Su ne ke cinyewa a madadin jikin injin, kuma canja su abu ne mai araha, amma idan aka bari suka ƙare, gangar jikin ce za ta fara gogar siminti, wannan kuwa ba ta da sauƙin gyara. A kan siminti, tazarar kamar milimita 3 tsakanin wuƙar da ƙasa ta isa. A kan tsakuwa, kamar yawancin lungunan bayan gida na tsoffin unguwannin Kalgari, sai a ɗaga sosai don kada ya riƙa kwasar duwatsu yana jifa da su. Bel biyu ne a ƙarƙashin murfin roba, ɗaya na tayoyi ɗaya na ƙarfen gaba. Idan ka ji ƙaurin roba ko ka ga nisan cillawa ya ragu, ka buɗe ka duba. Idan injin yana ƙara amma ya ƙi tafiya, galibi faifan roba ne da ke ƙarƙashinsa ya cinye ko mai ya taɓa shi, don haka in za ka shafa giris a can ciki, ka kiyaye kada ko ɗigo ya hau faifan. Sau ɗaya a shekara ka cire ƙananan ƙusoshin nan masu karyewa, ka sa giris, ka juya murɗaɗɗen ƙarfen da hannu bayan ka zare wayar fulogi. Idan tsatsa ta manne shi da sandarsa, ƙusoshin ba za su ƙara kare komai ba.

Kalgari tana da wata iska mai ɗumi da ke saukowa daga duwatsun Roki, ana ce mata cinuk, wadda ke narkar da dusa cikin yini ɗaya, sannan sanyi ya dawo ya daskarar da ruwan. Injin da aka ajiye da dusa a cikinsa zai wayi gari farfelarsa ta kafe, wanda ya matsa hannun da ke sa farfelar juyawa a haka kuwa bel zai ƙone. Saboda haka bayan kowane aiki ka bar shi ya juya na 'yan mintoci ya fitar da abin da ya rage, ka kashe, ka share jikinsa da tsintsiya. Dusar bakin titi tana ɗauke da gishiri da tsakuwar da ake watsawa a hanya, don haka ka fara da ita, ka ƙare da tsabtatacciyar dusar cikin gida domin ta wanke cikin injin. Kafin ajiyar bazara ka wanke shi, ka busar, ka shafa fenti inda ya kankare, ka rufe shi, kuma ka leƙa lokaci lokaci saboda ɓeraye na son yin sheƙa a ƙarƙashin murfinsa.

Abin da ya rage shi ne tsakaninka da mai gidan. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ku tayar da injin tare a gabansa, ku duba abin da ya riga ya lalace, kuma a rubuta wanda zai riƙa sayen fetur da kayan gyara. Ka yi wannan a watan Satumba, domin da zarar dusar farko ta sauka shagunan gyara kan cika, mutum ya yi makonni yana jiran layi, kuma ladan makaniki a nan ba ƙarami ba ne ga ɗalibi. Ka kuma tabbatar akwai shebur mai kyau a gidan don matakala da ranakun da dusar ba ta kai a kunna inji ba. Ka roƙi mai gidan ya ɗauko maka hoton takardar da ke manne a bayan injin, wadda ke ɗauke da lambarsa, ka turo mini. Da ita zan nemo littafinsa da girman ƙusoshi da bel ɗin da yake ci, in ka iso kuma, in sha Allahu, zan zo da sifana mu buɗe kabiretar tare. Ka gaida mutanen gida.