Tambaya da Amsa: Wace Mota Ce Daidai da Aljihuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya, da mata ɗaya da yara uku. Na haɗa naira miliyan 9, dila ya nuna mini Corolla ta 2006 da Sienna ta 2005, kuɗinsu kusan ɗaya. Abokaina sun ce in ɗauki Sienna saboda zuwa gida da Sallah. Kullum ina yin kilomita kamar 30 tsakanin gida da makaranta. Wacce za ku ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai, miliyan 9 ɗin nan ba duka na mota ba ne. Ware aƙalla kashi 15 cikin 100 a gefe, ka je wurin dila da sauran. Akwai la'adar dillali, rajista da lamba, da inshora. Mafi ƙarancinta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta koma naira 15,000 tun 1 ga Janairun 2023. Bayan haka sai abin da kusan kowace motar hannu ke nema a makon farko: juyen baƙin mai da filta, takalman birki, wataƙila batir, kuma sau da yawa tayoyi huɗu. Mai zube kuɗinsa duka a hannun dila shi ne ake gani bayan wata biyu motarsa tana fake a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol.

Sai lissafin mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama shi ne babban alƙali. Kilomita 30 sau kwana 26 ya ba ka kilomita 780 a wata. Corolla mai injin lita 1.8, in tana da lafiya, tana yin kilomita kamar 10 da lita ɗaya a cikin gari, wato lita 78 ke nan. Sienna ta 2005 injinta mai filogi shida ne, lita 3.3, a cunkoso da esi a kunne ba ta cika wuce kilomita 6 zuwa 7 ba, ka ce lita 120. Bambancin lita 42 ne duk wata, fiye da lita 500 a shekara. Ninka shi da kuɗin lita a gidan man unguwarku, ka kwatanta da kuɗin ɗaukar shatar mota sau biyu a shekara, ƙaramar Sallah da babba. Amsar za ta fito da kanta.

Ta wajen gyara ma akwai rata. Injin wannan Corolla sarƙa ce ke juya shi, ba a sa mata ranar canji muddin ana juyen baƙin mai a kan lokaci. Na Sienna daga 2004 zuwa 2006 bel ne na roba, ana son a canza shi kusan kowane kilomita 145,000, a haɗa da famfon ruwa tunda hanyarsu ɗaya. Babu wanda zai gaya maka yaushe aka canza na wadda za ka saya, saboda haka kai za ka canza, domin in ya tsinke a kan gudu yana iya tafiya da bawul. Filogi uku na baya kuma sai an kwance bututun shigar iska da ke saman injin kafin a kai gare su, kuɗin aiki ya ƙaru. Kayan gyaran duka biyun ana samu a Panteka da Ƙofar Ruwa, amma na Corolla sun fi araha, kuma bakaniken ƙauye ma ya san cikinta.

Sienna mota ce mai kyau ga wanda yake ɗaukar mutum bakwai kullum. Ku biyar ne, Malam. Ɗauki Corolla.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Kano, wannan ce motata ta farko. Wasu na cewa sai 'yar Kwatano, wasu na cewa ta hannu ta gida ta fi sauƙi. Tsorona kada a sayar mini da wadda ta yi haɗari ko ta sata. Me zan duba?

Amsa: Hajiya, sunan da dila ya kira mota da shi ba ya tuƙa ta. Akwai wadda ta yi shekara uku a titunan Legas, aka cire lamba, aka wanke, aka fesa mata turare, ta koma "sabuwar sauka". Akwai kuma ta hannu da mai ita ya riƙe da amana wadda ta fi ta nesa ba kusa ba. Ki tafi da bakanikenki, ba wanda dila ya kawo ba, ki biya shi kuɗin aikinsa tun daga gida don kada ya sa rai da la'ada a can.

Ki fara da takardu kafin ki kalli fenti. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Tana gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Dole waɗannan su yi daidai da abin da ke takardar kwastam da ta rajista, harafi da harafi. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar mota: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin ana canza wa mota fitilu da bamba a ce ta 2012 ce alhali ta 2008 ce. Da wannan lambar kuma za a iya ciro tarihin motar a intanet ta Carfax, a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya, da kilomitar da ta ci kafin ta baro can. Mitar da ke gaban direba kada ki yarda da ita, mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne. Robar fedar birki da sulɓin sitiyari sun fi ta gaskiya.

Batun kwastam kada ki yi wasa da shi. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, kuma takardun jabu sun yi yawa. A kai lambar takardar ofishin kwastam a tantance kafin kuɗi ya bar hannunki, in ba haka ba wata rana a hanyar Kaduna za a sauke ki. In ta hannu ce, ki nemi ganin mai sunan da ke takarda, a rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu, a yi sauyin mallaka nan take.

Sai injin. Ki sa alƙawarin da sassafe, a taɓa injin a ji shi da sanyi kafin a tayar, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi a salansa yana nufin tana shan baƙin mai. Farin da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ko kumfa mai kama da madara a murfin baƙin mai, ko ruwan lagireto yana ɓulɓulowa, alamun gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gindinsa, ya ƙone ne, a bar ta. Idan an murɗa makulli kafin a tayar, fitilar injin da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne don a rufe laifi. A jona na'urar kwamfuta a karanta. A leƙa ƙarƙashi kuma a ga ko abin tace hayaƙin da kanikawa ke kira indomi yana nan, saboda ana sare shi a sayar daban.

Wadda ruwa ya ci tana tona kanta a ramin safaya da ƙarƙashin kafet: tsatsa, busasshen laka, warin raɓa. Irinta wayoyinta ba sa daina rikici. Wadda ta yi haɗari kuwa, a duba ratar da ke tsakanin ƙofofi da bonet, a duba walda a ƙarfen gaba, a bi jiki da maganaɗisu a nannaɗe cikin tsumma, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila ne. A gefen taya akwai lambobi huɗu, misali 2321, wato mako na 23 na 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ba ta zafin Kano ba ce ko da zanenta bai ci ba. A ƙarshe a tuƙa ta aƙalla minti 20 da esi a kunne, a ji ko giya tana fizga ko jinkiri, a sa ido a kan allurar zafi.

Tambaya: Ina tuƙa adaidaita sahu na wani, ina kai balas kullum. An yi mini tayin sabo a kan biyan naira 60,000 duk mako har mako 104, daga nan ya zama nawa. Kuɗin hannu an ce miliyan 4 ne. In karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, 60,000 sau 104 ya kama naira miliyan 6 da dubu 240. Ƙarin miliyan 2 da dubu 240 ke nan, kashi 56 cikin 100. A kwana shida na aiki, dubu 10 ce kullum kafin mai, kuɗin ƙungiya, haraji, gyara da cefane. Rubuta cinikinka na mako huɗu a jere, har da ranakun ruwan sama da na kamu. In mafi munin makon bai biya 60,000 ya bar maka na abinci ba, tayin ya fi ƙarfinka.

In lissafi ya fita, abin da zai cece ka rubutu ne. Mako nawa za ka yi fashi kafin a ƙwace? In an ƙwace a mako na 80, me zai dawo maka cikin miliyan 4 da dubu 800 da ka zuba? A nan ne yawanci ake kuka. Wa zai ɗauki asara in an sace ko ya ƙone? Ana ɗage biya ranar da yake garejin gyara? Kowane biya ka yi shi ta banki ko ka karɓi rasit. Ka kuma tuna cewa mashin da ya yi shekara biyu yana aikin safe da yamma, lokacin da zai zama naka ya kusa neman aikin injin, don haka ka riƙa ajiye wani abu tun yanzu.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Abuja, ba na son bashin ruwa. Mene ne bambancin murabaha da ijara?

Amsa: Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, da waɗannan hanyoyi biyu suka fi yin cinikin kadara. A murabaha banki ne zai sayi motar, ya sayar miki a kan farashin da ya ƙunshi ribarsa, a yanke shi tun ranar farko, ki biya wata-wata. Motar taki ce, kuɗin kuma ba ya ƙaruwa. A ijara motar ta banki ce, ke 'yar haya ce, sai wa'adi ya cika a mallaka miki ta kyauta ko ta wani ɗan farashi. A ƙa'ida nauyin da ya shafi mallaka, kamar takaful, wato inshorar Musulunci, yana kan mai motar, amma ki tambaya ko an cusa shi cikin kuɗin hayar. Rashin ruwa ba ya nufin araha, Hajiya. Ki nemi jimlar abin da za ki biya har ƙarshe, da kafin alƙalami, da abin da za a rage miki in kin biya da wuri. Biyan wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashin da ke shiga hannunki.

Tambaya: In sayi mai shan mai da yawa in mayar da ita gas?

Amsa: Sai in akwai tashar gas ɗin mota a hanyar da kake bi kullum, je ka gani da idonka, ka ga tsawon layin. Tukunyar tana cinye rabin but, nauyinta kuma yana danne bayan mota. Ana matse wannan gas da ƙarfin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, ninkin ba ninkin na gas ɗin girki, saboda haka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa fashewa take yi. A cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai za a yi aikin, ka karɓi takardar shaidar tukunyar mai ɗauke da ranar gwajinta.