Tambayoyinku: Fitilun saman Illela, waya mai zafi, da yaron gidan gem

Saƙonni sun taru a wannan makon, na ɗauko biyar daga ciki. Wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri, yana nan a ajiye.

TAMBAYA: Wani dattijo daga Illela, ta hannun jikansa: “Bayan magariba mun ga wasu fitilu sun jeru a sama kamar ayari, suna tahiya shiru babu ƙara, har suka ɓace. Wasu sun ce jiragen yaƙi na. Mi ne ne wanga abu?”

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hankalinku ya kwanta. Yadda kuka kwatanta, taurarin ɗan Adam ne na Starlink, waɗanda kamfanin SpaceX na Elon Musk yake harbawa daga Amurka tun 2019 domin raba intanet. Ana harba su da yawa a roka ɗaya, shi ya sa a kwanakin farko suke bin juna a layi, kafin kowanne ya hau mazauninsa, ɗaruruwan kilomitoci daga ƙasa. Ba fitila gare su ba. Hasken rana ne yake dukansu: mu nan rana ta faɗi mana, su can sama tana haska su tukuna. Don haka bayan magariba ko gab da asuba ake ganinsu, da tsakar dare kuwa da wuya. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da intanet ɗinsu ya fara aiki, a watan Janairun 2023. In kun sake gani, a kira yara su fito su kalla, abin kallo ne.

TAMBAYA: Wani ɗan kabu-kabu daga Runjin Sambo: “Wayata tana zafi har ba ta taɓuwa, caji kuma ba ya zama. Abokina ya ce in riƙa sa ta a firji. In sa?”

AMSA: Ƙanena, kada ka sa. Idan waya mai zafi ta shiga sanyin firji ta fito, raɓa ce take taruwa a cikinta, ruwan nan ya kwanta a kan allon na'urar ya ci ƙafafun ƙananan kayan da ke kai. Irin wannan waya idan aka kawo mini teburin gyara na buɗe, zan tarar da wani kore-kore a bakin wurin caji, mai ita kuma yana rantsuwa ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. Gaskiyarsa ne, firjin ne ya jiƙa ta.

Matsalar daga garinmu take. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu Sakkwato tana wuce 40 a inuwa. Kai ga shi kana kan babur tun hantsi, waya a aljihun gaba, rana na dukanta ta waje, jikinka na dumama ta ta ciki. Batirin lithium zafi ne babban makashinsa. Yana tsufa da wuri, daga nan ya fara kumbura. Ka ɗora wayarka a kan tebur ka duba ta gefe: idan gilashi ya ɗan ɗaga daga jikinta, ko bayanta ya yi tudu tana rawa idan ka danna, batiri ya kumbura. Kada ka matse shi, kada ka soke shi da allura, yana iya kamawa da wuta. A canza shi kawai.

Abin da za ka yi ba ya cin ko kwabo. Cire mata rigar roba lokacin caji. Kada ka sa ta caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, ajiye ta a kan siminti a inuwa. Idan ka kai wa mai caji, roƙe shi kada ya tula ta cikin tarin wayoyi a akwati, domin kowace tana dafa 'yar uwarta. Babban abin da na fi roƙonka: ka daina buga gem irin su Free Fire waya tana jone da caja, zafi biyu kake haɗa mata.

TAMBAYA: Wani ɗalibin jami'ar Usmanu Danfodiyo: “Wai da gaske an daina yin FIFA? Kuma tsakaninta da PES wacce ka zaɓa?”

AMSA: Suna ne ya tafi, wasan gem ɗin ƙwallon yana nan. Kamfanin EA mai yin wasan ya rabu da hukumar FIFA bayan sun yi kusan shekara talatin tare, FIFA 23 ce ta ƙarshe, daga 2023 wasan ya koma EA Sports FC. PES ma, ɗayan gem ɗin ƙwallon, kamfanin Konami na Japan ya mayar da ita eFootball tun 2021. Ni mutumin PES ne, ta zamanin na'urar gem ta PS2, inda fasin ɗaya mai kyau ya fi gudu amfani. Shawarata ga ɗalibi: kada ka zuba kuɗin makaranta a kan sabon fitowar kowace shekara, yawanci riguna da sunayen 'yan wasa ne suke canzawa.

TAMBAYA: Wata uwa daga Mabera: “Ɗana ɗan shekara 14 ya tare a gidan gem. Daga boko sai can, Islamiyya sai ya ga dama. Kwanan nan kuɗin cefane sun fara raguwa. Mahaifinsa ya ce a fasa masa waya a huta.”

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Wannan saƙon ya fi duk sauran tsaya mini a rai, domin ina ganin irin yaran nan kullum a bakin shagona.

Ki roƙi Alhaji kada ya fasa wayar. Gidan gem ba ya buƙatar wayar yaro, akwai talabijin da na'ura da janareta a can, fasa ta ba zai hana shi zuwa ba, sai dai ya koya masa ɓoye muku. Wasan ƙwallo a talabijin shi kaɗai bai dame ni ba. Kuɗin cefanen nan ne ya dame ni. A irin waɗannan wurare ana farawa da “wanda aka ci ya biya”, daga nan a ajiye ɗari biyu a hannun wani na gefe, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Wata ƙofar kuma ita ce sayen kaya a cikin wasannin waya, yaro ya biya kuɗin gaske don a sa wa ɗan wasansa riga ko bindiga. Sai an gano ta inda kuɗin suke fita kafin a san maganin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamu da wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan karatu da barci da mutane, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma a ɗauki kamar shekara ana haka. Ba kowane yaro mai son gem ne ya kai nan ba. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Mu ba mu da doka irin wannan, gida ne zai kafa tasa.

Ga abin da nake gani. A samu kawunsa ko yayansa da yake jin nauyi, ya bi shi gidan gem ɗin ba da faɗa ba, ya zauna a benci ya ga da wa yake wasa, ya ga ko kuɗi na canza hannu. Ya yi magana da mai wurin, yawancinsu 'yan unguwa ne, idan babba ya ce kada a bar yaron nan lokacin Islamiyya suna ji. Sannan a yanka masa rana da kuɗin wasa daga hannunki, Alhamis da Juma'a da yamma misali, tunda babu Islamiyya. Kuɗin cefane kuma a yi maganarsu a fili, a ɗaki, ba a gaban ƙannensa ba.

TAMBAYA: Wani malamin firamare daga Bodinga: “Tunda masana sun san ranar da wata zai tsaya, me ya sa muke zaman jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi?”

AMSA: Malam, hukuncin na malamai ne, kuma umarnin da ya zo a hadisi shi ne a yi azumi da ganin wata, a sha ruwa da ganinsa, idan ya faku a cika talatin. Ni ɓangaren lissafin zan taɓa. Wata yana kammala zagayensa a kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici, kuma masana suna iya faɗin mintin da za a haife shi. Amma haihuwa daban, ganuwa daban. Jinjirin da bai kai awa 15 ba ido ba ya kama shi, ya yi siriri kuma ya yi kusa da rana. Amfanin lissafi ga kwamitin duban wata babba ne: yana nuna inda za a duba da tsawon mintocin da wata zai yi bayan faɗuwar rana, kuma idan ya nuna wata ya riga rana faɗuwa a wannan yammacin, to wanda ya ce ya gani sai a bincika da kyau, wataƙila wani abu ya gani.

Akwai abin da ya shafe mu nan kusa. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, Ramadan na 2025 a Maris ya faɗo, yana ta matsowa cikin hunturu. Shekaru masu zuwa cikin hazo za a riƙa neman jinjirin azumi a Sakkwato, ranar da ita kanta rana take dusashewa tun la'asar. Zan so a ce kowace masarauta tana da madubin hangen nesa ko guda ɗaya, da matasa biyu da aka koya wa saita shi.