Na canza fayil a shafina, amma CDN na nuna tsohon

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa shafinka da Cloudflare, kamfanin da ke ba da hidimar CDN, ka sauya hoto da fayil ɗin CSS (mai tsara kamannin shafi), amma masu shiga har yanzu tsohon suke gani. Kwantar da hankalinka, ba lalacewa ba ce. Aikin CDN ke nan: yana ajiye kwafin fayilolinka a sabobinsa, wato kwamfutocinsa da ke kusa da masu ziyara, kuma ba zai koma sabarka ya ɗauko sabo ba sai wa'adin da aka ba kwafin ya ƙare.

Maganin gaggawa shi ne ka shiga sashen Caching na Cloudflare ka goge kwafin wannan fayil kaɗai ta adireshinsa. Kada ka saba da goge komai gaba ɗaya, domin duk buƙatun za su afka wa sabarka lokaci guda.

Sai dai gogewar ba ta kai ga burauzar mai ziyara, ita ma tana da nata kwafin. Shi ya sa na fi son a riƙa canza sunan fayil duk lokacin da aka gyara shi: style-2.css ya koma style-3.css. Sabon suna, dole a ɗauko sabo. Da haka za ka iya sa max-age na Cache-Control, wato umarnin da ke faɗin wa'adin ajiye kwafi, ya kai daƙiƙa 31536000, wato shekara guda, ba fargaba. Shafin HTML kuwa, wato ainihin shafin da ke kiran waɗannan fayiloli, ka ba shi gajeren wa'adi, tunda shi ke ɗauke da sabon sunan.

Don Allah ka duba shafukan da ake shiga da kalmar sirri, ka sa musu no-store, wato umarnin kada a ajiye kwafinsu. In aka ajiye kwafinsu, wani zai iya buɗewa ya tarar da bayanan wani.