Bankwana, Murabus da "Idan Na Saɓa wa Wani": Amsoshin Tambayoyinku kan Jawabin Shugaba Mai Barin Gado

Tambayoyin wannan karon kusan duka sun taru a wuri guda, wato jawabin da shugaban ƙasa kan yi wa jama'a idan zai sauka. Masu kama da juna na haɗe su, na amsa guda a madadin saura.

Tambaya: Malam, wanne ne daidai, "jawabin bankwana" ko "jawabin sallama"?

Amsa: Bankwana. Sallama baki biyu gare ta, ko ma uku: da ita ake shiga gida, da ita ake fita, da ita kuma ake raba ma'aikaci da aikinsa. In ka ce shugaba ya yi jawabin sallama, mai sauraro na da damar tambayarka wa aka sallama.

Ita bankwana harɗaɗɗiyar kalma ce. "Ban" ɗin nata na bayarwa ne, irin wanda ke cikin ban-girma, ban-haƙuri, ban-ruwa, ban-gajiya da ban-tsoro. Ka ba mutum kwana, wato ka sake shi ya je ya kwanta, sai da safe. Daga rabuwar dare ɗaya ta miƙe ta kai ga ta matafiyi, har ta kai ga rabuwar da babu komowa. Duk ma'anonin nan suna raye, kuma akwai shugaban da ya yi wasa da tsakaninsu. A daren 19 ga Nuwamba 2017, bayan sojoji sun tsare Robert Mugabe na Zimbabuwe a gida, duniya ta zuba ido tana jiran ya ce ya sauka. Ya yi ta karanta takardunsa, ya gode, ya yi wa jama'a sai da safe, ya tashi da mulkinsa. Bankwana dai ya yi, amma irin na asali. Sai bayan kwana biyu takardar saukarsa ta isa majalisa.

Na fi son a rubuta ta a haɗe, don kada ta rikice da "ban kwana a gida ba". Masu cewa "huɗubar bankwana ta shugaba" kuma su yi hattara. Kowa ya san inda sunan nan yake kai tunanin Musulmi, kuma ba wurin da za a jera ɗan siyasa ba ne.

Tambaya: Wane "gado" ne a cikin "shugaba mai barin gado"? Na ji wani mai karanta labarai yana jan kalmar.

Amsa: Ni ma na ji, kuma ba shi kaɗai ba ne. Gadon kwanciya ne, mai gajeren wasali a gaɓar farko, domin gadon sarauta ake nufi, abin da sarki ke hawa. In ka ja wasalin ka koma gadon da magada ke rabawa, ka kashe mutum yana zaune da ransa. Abin da ke ruɗa su, ina jin, shi ne jawabin kansa kan haɗa biyun: mutum zai bar gadon da ya hau, ga shi kuma yana ta lissafa abin da ya bar wa na baya. Amma wannan ba hujja ba ce ga wanda karatu ne sana'arsa.

Tambaya: Duk shugaban da ya yi jawabin bankwana za a iya cewa ya yi murabus?

Amsa: A'a, 'yata. Murabus sauka ce tun wa'adi bai cika ba, ko da son rai ko da turi. Nixon na Amurka a 1974, Senghor na Senegal a ƙarshen 1980, Ahmadu Ahidjo na Kamaru a 1982, waɗannan murabus suka yi. Obama kuwa da ya yi nasa jawabin a Chicago ran 10 ga Janairu 2017, wa'adinsa ne ya cika. Wanda majalisa ta cire, tsige shi aka yi. Wanda soja suka cire, hamɓarar da shi aka yi, kuma irinsa ba kasafai ake ba shi makirufo ba.

Tambaya: Na ga an kira jawabin George Washington, shugaban Amurka na farko, "wasiyya", wasu kuma "nasiha", wasu "kashedi". Duk ɗaya ne?

Amsa: Da ɗaya ne da Hausa ba ta wahalar da kanta ta riƙe su duka ba. Nasiha kowa na iya yi wa kowa a kowace rana. Wasiyya maganar mai tafiya ce, wanda ya san ba zai kasance a wurin ba ranar da za a buƙaci abin da ya faɗa, shi ya sa take da nauyi. Gargaɗi nuna rami ne a gaba. Kashedi kuwa gargaɗi ne mai bulala a hannu: kul ka sake, in ka sake ka gani. To shugaban da ya rage masa kwana uku wace bulala ta saura a hannunsa? Ku cire kashedi daga wannan babi gaba ɗaya.

Na Washington wasiyya ce cikakkiya. Bai ma tsaya gaban kowa ya faɗe ta ba, a wata jarida ta Philadelphia aka buga ta ran 19 ga Satumba 1796. Tun 1792 ya so ya sauka, James Madison ya tsara masa rubutun farko, aka lallashe shi ya zarce, sannan Alexander Hamilton ya taimaka masa da na ƙarshe. Abu uku ya fi nanatawa: kada ɓangarorin ƙasa su ɗauki juna abokan gaba, kada son jam'iyya ya rinjayi son ƙasa, kada kuma a ɗaure ƙasa da ƙawancen dindindin da wasu ƙasashen. Har gobe majalisar dattawan Amurka na karanta ta duk shekara a watan Fabrairu, kuma manyan jam'iyyun ƙasar biyu ne ke karɓa-karɓa wajen karatun. Mutum ya bar wasiyya a guji ƙabilancin jam'iyya, jam'iyyu suka raba ta a tsakaninsu. Masu wasiyya sun saba ganin haka.

Karin maganar da ta ɗauke kashi na farko na wasiyyar ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da wuya ka ji jawabin bankwana, daga kowace nahiya, da babu tsagaggen bangon nan a cikinsa ko da da wasu kalmomi ne.

Tambaya: Shugaba Eisenhower na Amurka ya yi gargaɗi kan haɗin bakin soja da masu ƙera makamai ana saura kwana uku ya sauka. Wannan ba ihu bayan hari ba ne?

Amsa: Ka kusa, ɗana, amma ba ka faɗa kai ba. Ihu bayan hari sai mahara sun kwashe sun wuce, babu sauran abin cetowa. Shi kuwa a jawabinsa na 17 ga Janairu 1961 harin da ke tafe yake hange. Ya ce mutum miliyan uku da rabi ne ke aiki kai tsaye a harkar tsaro, ya ce tasirin abin ya shiga kowane birni da kowane ofishin gwamnati, ya nemi jama'a su sa ido kada ya fi ƙarfinsu. Kuma janar ne da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka ba wanda zai ce tsoron bindiga ne ya sa shi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar da ta fi taka kaifi ita ce me ya hana shi liƙe yoyon cikin shekara takwas da ya yi a ɗakin, amma wannan ta masana siyasa ce.

Tambaya: Biden ya yi magana kan wasu 'yan tsirarun attajirai da ke neman mamaye mulki, bai kama suna ba. Zambo ne ko habaici?

Amsa: Habaici. Zambo sai an nuna mutum an siffanta aibinsa. A jawabin nan na 15 ga Janairu 2025 ba a ambaci kowa ba, an dai bar mai kaza a aljihu da rashin jimirin "as".

Tambaya: Tunda an ce yabon kai jahilci, me ya sa kowane shugaba ke cika bankwanansa da "na gina, na shimfiɗa, na samar"?

Amsa: Saboda ba ya ɗaukarsa yabo, yana ɗaukarsa ba da bahasi, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda aka damƙa wa amana dole ya faɗi inda ya kai ta. Bambancin yana cikin abin da aka bari a ƙasa. Bahasi kan zo da riba da faɗuwa. In riba kaɗai aka karanto, ya zama kirari, kuma kirari ba laifi ba ne a wurinsa, sai dai kowa ya san ba a kafa hujja da shi. Ku kasa kunne ga wakilin suna. Inda aka yi nasara "na" ne, inda aka sha ƙasa sai ya koma "an", ko "yanayi ya sa". Wannan ƙaramin "an" ya ɓoye ministoci da yawa.

Tambaya: Malam, in shugaba ya ce "idan na saɓa wa wani, ya yafe mini", ya nemi gafara ke nan?

Amsa: Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bai nema ba, ya dai nuna cewa ya san ana nema. "Idan" sharaɗi ne. Mai cewa "idan na taka ka" bai yarda ya taka ba, ya bar maka aikin kawo shaida, sannan kuma ka yafe. Ga kuma "wani", wanda ba shi da fuska balle adireshi. Na yarda salon yana da wurinsa. Wanda zai yi doguwar tafiya kan ce wa abokan zama a yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, wannan ladabi ne, domin zama tare ba ya rasa 'yan gutsuri-tsoma da ba a lura da su ba. Amma ku duba, ko a can an ce "abin da na sani". Shugaban da ya sa hannu a takarda, mutane suka ji a jikinsu, ba shi da hurumin fakewa da rashin sani.

Mu jera su mu gani. Washington ya ce bai san wani kuskure da ya yi da gangan ba, amma ya san rauninsa sarai, don haka da wuya a ce bai tafka kurakurai da dama ba. Tawali'u ne mai kyau, sai dai babu kuskure ko ɗaya da aka kira da sunansa. Nixon, a daren 8 ga Agusta 1974, ya fara da "idan wasu shawarwarina sun kauce", nan take ya gyara ya ce wasunsu lallai sun kauce, sannan ya rufe da cewa ya yi su ne bisa abin da ya zata shi ne maslahar ƙasa. Ya buɗe ƙofa, ya leƙo, ya mayar ya rufe. Abin da ya kai shi ga sauka kuwa ba kaucewar shawara ba ce, rufa-rufar badaƙalar Watergate ce, wato kutsen da aka yi a ofishin jam'iyyar adawa, kuma "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo. Marigayi Muhammadu Buhari, ran 28 ga Mayu 2023, bai sa "idan" ba: ya amsa cewa wasu matakan tattalin arziki sun jawo wa mutane ƙunci, ya ba da haƙuri. Sai dai "amma" ta biyo baya, cewa don amfanin ƙasa aka yi. "Amma" ƙanwar "idan" ce. Ɗaya takan tsaya a gaba ta tare laifi, ɗayar ta biyo baya ta share sawu.

Wanda na fi jin ya sauke kayan duka shi ne Boris Yeltsin na Rasha, ran 31 ga Disamba 1999. Ya ce wa mutanensa su gafarce shi domin yawancin abin da suka yi buri tare bai tabbata ba, abin da aka zata mai sauƙi ne ya zo da azaba. Ko ya cancanci yafiyar, wannan na Rashawa ne. Ta fuskar ginin jimla dai, ya ɗauki laifin ya aza a kansa.

Tunda muna nan, bari in ƙara wani abu da ke damuna. "Ba da haƙuri" da "neman gafara" ba tagwaye ba ne, ko da yake masu fassara na cusa su a rami ɗaya. Kana iya ba mutum haƙuri kan abin da ba kai ka yi ba, kamar gobara ko rashi. Gafara da afuwa kuwa mai laifi ne ke nemansu. Saboda haka in kun ji an ce shugaba ya ba 'yan ƙasa haƙuri, ku tambaya: a matsayin wanda ya jawo, ko a matsayin ɗan jaje?

Tambaya: Ana cewa jawabin wane akwai balaga. Wace alaƙa ke tsakaninta da balagar yaro?

Amsa: Tushensu ɗaya a Larabci, ma'anarsa isa ko kaiwa. Yaro ya isa munzili, magana ta isa inda aka aike ta. Jawabin da ya yi zaƙi a kunne bai kai ko'ina ba, wannan zalaƙa ce kawai.

Tambaya: Babangida ya ce zai "koma gefe" a 1993. Sauka ce?

Amsa: A aikace sauka ce, tunda ya miƙa wa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan a watan Agusta na shekarar. A lafazi kuwa wanda ya koma gefe yana nan cikin fili, bai ce ya tafi gida ba. Da gangan aka zaɓi kalmar.

Tambaya: "Tsohon shugaba" ba rashin ladabi ba ne ga wanda bai tsufa ba?

Amsa: Ba rashin ladabi ba ne. Muƙamin ne ya zama tsoho a wurinsa, ba a duba furfura. Ko ɗan shekara arba'in ya sauka yau, gobe tsohon shugaba ne.