Tambaya da Amsa: Shin malam-buɗe-littafi ne ke haifar da tsutsar da ke cin masararmu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yammacin Zariya. Tun da ruwa ya sauka a watan Mayu nake zagaya gefen gonar Baba da bakin fadama da safe, ina ƙirga malam-buɗe-littafi, ina ɗaukar hotonsu da waya, ina rubutawa a littafi. To yanzu tsutsa ta faɗa wa masararmu. Mai sayar da maganin feshi a kasuwa ya ce wa Baba su ne iyayen tsutsar, a feshe su duk inda aka gan su, har tafasa da tumfafiyar da ke gefen gona. Ni ne kuwa na hana a sare tumfafiyar nan tun bazara, ga shi ana ganin laifina a gida. Wallahi hankalina ya tashi. Ni na jawo mana asara? In ba haka ba ne, yaya zan tsara ƙirgen nan ya zama mai amfani?

AMSA

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ba ka jawo wa gonar Baba komai ba. Tumfafiyar da ka hana a sare ba ta da hannu a abin da ke cin masararku, haka ma baƙin da ke sauka a kanta. Tunda har ka kai ga rarrabe iri-iri a littafi, ba sai na tsaya koya maka yadda ƙwai ke zama tsutsa ba. Maganar mai maganin nan zan fara kamawa, don duk farkon damina sai na ji ta, har kunnena ya gaji.

Abin da ke huda masara a wannan lokaci, ya bar ganye kamar rariya, ya tara kashi kamar dusa a cikin mazurarin ganye, kusan kullum tsutsar nan ce da masana ke kira Spodoptera frugiperda. Baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Uwarta faɗa-wuta ce, irin mai ruwan toka da ke zagaya fitila bayan isha'i. Da dare take yawo, da dare take zuba ƙwai, gungu guda ya kai 100 zuwa 200, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi daga jikinta, gari na wayewa ta ɓuya. Manomi ya zo da hantsi, ya tarar da ɓarna, ya ɗaga kai ya ga wani mai fari da rawaya yana shawagi, sai ya ce ga ɓarawo. An bar jaki ana dukan taiki. Ciro tsutsa ɗaya babba ka duba: a goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i. In ka ga wannan, shari'a ta ƙare.

Kuma ba a masara kaɗai ba. Tsutsar da ke huda karan dawa, da mai sassaƙe kan gero a Katsina da Maraɗi, da mai shiga furen wake da kwansonsa, da Tuta absoluta da ta ƙone tumatirin Kano da Kaduna a 2016, duk 'ya'yan faɗa-wuta ne. Kama da wane ba ta wane ba ce. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka yakan haɗe fukafukansa sama, ƙahonninsa biyu suna da kai kamar na ashana. Bakinsa ma zare ne naɗaɗɗe na zuƙar ruwan fure, ko ya so cin ganye ba shi da abin taunawa.

'Ya'yansa kuma masu zaɓen abinci ne. Mai ruwan goro da baƙin gefe da fararen ɗigo, wanda kake gani yana tafiya a hankali kamar ba ya tsoron kowa, shi ne Danaus chrysippus, a kan tumfafiya da danginta tsutsarsa ke girma. Dafin nonon tumfafiya ne ke zama a jikinsa, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinsa. Manyan farare masu sirkin kore da rawaya da ke cika hanya bayan ruwan farko, Catopsilia florella, tafasa da rai-ɗore suke nema. Wasu fararen na jeji, anza da jiga ne gidansu. Ɗauki tsutsar tumfafiya ka ɗora ta a kan masara, yunwa ce za ta kashe ta.

Ba zan wanke su tas ba, don kada gobe a ƙaryata ni. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya, Papilio demodocus, tsutsarsa na cin ganyen lemo, kuma tana iya tsige dashen da bai yi ƙarfi ba. Maganinta hannu ne, a tsince a zubar. Akwai kuma wasu 'yan ƙanana shuɗɗa da tsutsarsu ke taɓa furen wake. In aka auna ɓarnarsu da ta faɗa-wuta, ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne inda wannan kuskure ke kai mutane. Wanda ya gaya wa Baba a feshe gefen gona, wa ya koya masa? Mutum ya shimfiɗa buhu a kasuwa ranar Laraba, ya jera kwalabe a rana tsaka, rabinsu takardar jiki ta goge, jiya takalma yake sayarwa, yau ya zama likitan gona. Ba ya tambayar wace tsutsa ce, ba ya tambayar kwanan masarar nawa. Amsarsa ɗaya ce: haɗa wannan da wancan, ƙara murfi biyu don ya yi ƙarfi. In bai yi ba, ka dawo a ƙara maka na uku. Malamin gonan da ya kamata ya taka masa birki kuwa, wasu ƙauyukan sai su shekara ba su ga ƙeyarsa ba, an bar shi a ofis babu man babur.

To a lissafa abin da feshin gefen gona ke yi. Tsutsar masara tana can ƙasan mazurari, ta toshe ƙofa da kashinta, maganin da aka watsa a kan tafasa bai ko shafe ta ba. Waɗanda ya samu su ne masu yi wa manomi aiki kyauta: tururuwa da tsatso da gizo-gizo masu cin ƙwai da ƙananan tsutsa, da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke zuba nasu ƙwan a jikin tsutsar su kashe ta. A Nijar har kiwon ɗaya daga cikinsu ake yi, Habrobracon hebetor, a sake shi a gonakin gero don ya yaƙi tsutsar kan gero. Can ana kashe kuɗi a hayayyafa su, nan ana kashe kuɗi a hallaka su. Ga ƙudan zuma, wanda in babu shi kankana da kabewa da guna sai fure ba 'ya'ya. Mako biyu bayan irin wannan feshi, sabuwar faɗa-wuta ta zo daga gonar maƙwabci, ta tarar da fili babu mai gadi. Sai manomi ya ce magani jabu ne, ya ninka awo, ita kuma tsutsar tana ƙara sabawa da shi.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Na sha ganin yaro ɗan shekara goma sha biyar da famfon feshi a baya, ba takalmi, ba riga, jarka na yoyo a gadon bayansa, bakin famfo ya toshe ya sa bakinsa ya hura. In ya gama, a ba shi madara ko manja wai su kashe dafin. Ba sa kashe komai. Duk wanda ya yi feshi ya fara zubar da yawu, gumi na karyo masa, ga amai, ga jiri, numfashi na yi masa nauyi, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin. Kada a sa shi amai da gangan. Kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta, kada ta koma gida ta zama ta man gyaɗa. Wanda ya sayar wa talaka guba da ƙarya don ribar kwalba biyu, ya sani haƙƙin rai ne ya ɗauka, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.

Masarar Baba kuwa, ga abin yi. Ku shiga da sassafe, ku ratsa gonar a karkace, ku tsaya wuri biyar, kowane wuri ku duba tushe goma. In masara ƙarama ce kuma kusan goma cikin hamsin ɗin nan suna da sabuwar ɓarna, an kai matakin ɗaukar mataki. Gungun ƙwai a murƙushe da yatsa. In gonar ba ta da girma, tsincewa da hannu na rage ta sosai. In dole sai magani, a nemi mai lambar NAFDAC wanda aka rubuta sunan tsutsar a jikinsa, a bi awon da ke takardar, a fesa da yamma lis ko da asuba, a saita bakin famfo cikin mazurarin, tun tsutsar tana ƙarama. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana kashe ƙananan, don haka a sake dubawa bayan an yi ruwa kafin a sayi komai.

Sai ƙirgenka. Abin da ke mai da yawon kallo ya zama ilimi shi ne maimaitawa a hanya ɗaya. A Ingila tun 1976 suke bin tsarin da wani masani, Ernest Pollard, ya fito da shi: hanya ɗaya, sau ɗaya a mako, daga Afrilu zuwa Satumba, ana ƙirga abin da ya shigo cikin mita biyu da rabi a dama, biyu da rabi a hagu, biyar a gaba. Ka ɗauki tsarin, ka bar musu lokutansu, don su rana suke jira, mu kuwa zafinta muke gudu. Tsakanin ƙarfe tara zuwa sha biyu ya fi mana. Zaɓi hanyar da za ka gama cikin minti 45, ka raba ta kashi-kashi: gefen gona, bakin fadama, ƙarƙashin mangwaro. Tafi a hankali, kada ka ƙirga wanda ya biyo ka ta baya, kada ka bar hanya don bin wani kyakkyawa. Rubuta kwanan wata, da lokaci, da yanayin sama, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, da ranar da aka yi feshi a kusa. Ranar da ba ka ga ko ɗaya ba ma ka rubuta sifili. Yawancin masu farawa sukan tsallake irin wannan rana, alhali ita ce za ta nuna maka abin da ɗaukewar ruwa a Yuni ko maganin ciyawa ya yi.

Hoto ka yi ƙoƙarin samun sama da ƙasan fiffike, ka ɗora a iNaturalist, wato manhajar da ake ɗora hotunan halittu a intanet, masana za su taimaka da suna. Abin da ba ka tabbatar ba ka rubuta "fari, ban gane ba", ya fi ka laƙa masa sunan wani. Ka yi hattara da masu sauya riga: Precis octavia na damina ja ne, na rani baƙi da shuɗi, sai ka rantse iri biyu ne. Macen Hypolimnas misippus kuma kwaikwayon mai tumfafiya take yi, har masana takan ruɗa daga nesa. Gungun da ka gani a kan laka ko inda shanu suka yi fitsari, galibi maza ne suna shan gishiri, wuri mafi sauƙin ɗaukar hoto ke nan.

Kada ka ajiye littafin in damina ta yi nisa. Wajen Satumba da Oktoba wani malam-buɗe-littafi mai suna Vanessa cardui ke ƙetaro Sahara daga Turai ya hayayyafa a yankinmu, zuriyarsa kuma su koma arewa daga baya. Masu binciken wannan hijira sun fi ƙarancin bayanai daga ɓangarenmu, don haka layi ɗaya daga ƙauyenku yana da daraja. Amma ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri abin da kake yi, don a wannan zamani mai yawo da waya yana ɗaukar hoto a bakin daji yana iya shiga zargin da bai ji ba bai gani ba. Ka sa takalmi mai rufi, farkon damina lokacin kububuwa ne.

Baba kuma kada ka yi musu da su, gani ya kori ji. Nemo kwalabe biyu masu faɗin baki. A ɗaya ka zuba ƙasa mai ɗan danshi kamar tsawon yatsa, ka sa tsutsar masara babba guda ɗaya tak, don in biyu ne ɗaya za ta cinye 'yar'uwarta, kana sauya mata ganye kullum. A ɗayar ka sa tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya daga tumfafiya, da ganyenta da ɗan tsinke, ka wanke hannu bayan taɓa nonon kada ya shiga ido. Rufe su da ƙyalle, ka ajiye a zaure inda Baba ke zama. Ta masara za ta nutse cikin ƙasa, ta tumfafiya za ta rataye kanta. Cikin kamar mako biyu kowace za ta fito da kamannin uwarta. In ka samu hali ka yi wasu biyun a aji, ɗalibanka su riƙa rubuta abin da suka gani kowace safiya.