Tambayi Bakanike: Me Ya Sa Babur Ɗina Yake Mutuwa a Tsakiyar Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohon babur ƙirar Honda CG125 da nake zuwa gona da kasuwa a kansa. Da safe ba ya tashi sai na ja cok, kuma idan na kama hanya na yi kamar minti 10 ina gudu, sai ya fara sarƙewa ya mutu, alhali akwai mai a tanki. In na ɗan jira na buga kik sai ya tashi. Haka nan duk inda na tsaya na saki totur, mutuwa yake yi. An canza fulogi, an yi ta murɗa ƙusoshin saitin kafireta, amma ba ta sauya zani ba. Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bayaninka ya nuna matsaloli biyu ne, kuma ɗaya daga cikinsu wataƙila ba a kafireta take ba. Wannan ne ya sa nake takaicin ɗabi'ar wasu abokan sana'armu, waɗanda da an kawo musu babur yana mutuwa sai su ɗauki sukundireba su nufi ƙusar saiti, tun kafin su tabbatar ko mai yana isowa kafiretar ma.

Mu fara da mutuwar cikin tafiya. A ƙasan kafireta, wato na'urar da take haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, akwai ɗan kwano da yake tara fetur, kuma daga nan inji yake sha. Idan man da yake gangarowa daga tanki bai kai wanda inji yake ƙonawa ba, kwanon zai riƙa raguwa har ya bushe, babur ya mutu; in ka jira sai ya sake taruwa a hankali, babur ya tashi kamar ba abin da ya same shi. Abin da zan fara zargi shi ne murfin tanki, domin yana da ƙaramar huda da iska take shiga ta maye gurbin man da ya fita, kuma ƙurar hunturu tana toshe ta. Nan gaba idan ya mutu, ka buɗe murfin nan take. Idan ka ji iska ta shiga da ƙara, babur kuma ya tashi ba tare da jira ba, to ka kama ɓarawonka, wankin murfi kawai ake bukata.

Idan ba haka ba ne, ka rufe famfon mai, ka cire tiyo daga jikin kafireta, ka sa bakinsa cikin kwalba mai haske, sannan ka buɗe famfon. Ya kamata mai ya zubo a miƙe, ba ɗigo-ɗigo ba, kuma ya ɗore a haka. Ka bar kwalbar ta natsa ka duba gindinta: ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa, tsatsa kuwa za ka gan ta ja-ja. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, masu babura da yawa mai kaɗan-kaɗan suke saye, tanki yana kwana kusan fayau, raɓa tana taruwa a bangonsa tana cin ƙarfe, sannan ana yawan tafiya a rizab, wanda daga gindin tanki yake ɗebo mai, inda duk dattin ya kwanta. Ƙara da man 'yan bumburutu, wanda ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba. Wannan dattin ne yake like rariyar da ke cikin famfon mai. Maganinsa a sauke tanki a ɗauraye shi, a wanke rariyar, a kuma sa ƙaramar matatar mai a tsakiyar tiyo.

Akwai abin da yake kwaikwayon wannan ciwo sak, wato tsufan kwayil, abin da yake tura wa fulogi wuta, wanda in ya tsufa yakan ba da wuta yana sanyi, ya ɗauke idan ya yi zafi. Da zarar babur ya mutu, ka cire fulogi da tsumma, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina shi da jikin inji ka buga kik. Idan babu tartsatsi mai shuɗi, ka ƙyale kafireta ta huta.

Mutuwar da yake yi in ka saki totur kuwa, tare da ƙin tashi sai da cok, ita ce ta kafireta. Inji yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi, kuma aikin cok shi ne ƙara yawan mai a wannan haɗi. Babur da ba ya zama sai da cok yana gaya maka mai ya yi masa kaɗan a silo, wato lokacin da inji yake aiki ba a murɗa totur ba. Ƙaramin jet, wata 'yar ƙusa mai huda da ke cikin kafireta, shi ne yake ciyar da inji a silo, hudarsa kuwa siririya ce ainun, ƙwayar tsatsa guda tana iya toshe ta, kuma babu murɗa ƙusa da zai buɗe ta. A kwance shi, a wanke da man wanke kafireta, a hura da iskar mai faci, a ɗaga shi sama a ga haske ta cikinsa. Kada ka yarda a zura masa allura, domin hudar za ta faɗaɗa, babur ya koma shan mai. A kuma duba robar da ta haɗa kafireta da inji, saboda idan ta tsage iska tana satar hanya ta shiga. Sai bayan duk wannan, inji ya yi zafi, za a taɓa saiti, a kai silo wajen zagaye 1,400 a minti.

Tambaya: Ni kuma babur ɗina, fetur yake ɗiga ta ƙaramin tiyon ƙasan kafireta, yana baƙin hayaƙi, fulogi kuma kullum da baƙin toka. Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Naka akasin na sama ne, mai ya yi yawa. Allurar da take rufe hanyar mai idan kwano ya cika ba ta zama daidai, ko don datti ya tokare ta, ko bakinta ya cinye, ko fulot ɗin da yake yawo a kan man kwanon yana tura ta ya huje ya nitse. A canza allurar ko fulot, a wanke soson da yake tace iska domin toshewarsa ma tana kawo baƙin hayaƙi. Kafin a yi gyaran, ka riƙa rufe famfon mai duk inda ka ajiye babur, kada ka kwantar da shi a zaure kusa da murhu, kuma ka shinshina baƙin mai. Idan yana warin fetur, a juye shi a zuba sabo.