Na Ci Shari'a, Me Ya Sa Ba a Maido Mini da Duk Kuɗina Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai wani ƙara kan bashi, kotu ta ba ni gaskiya, ta kuma ce ya biya ni kuɗin shari'a. Amma abin da aka yanke bai kai rabin abin da na kashe ba. Haka doka take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haka take, malam, kuma abin yana damun mu ganin yadda mutane ba sa sani sai bayan hukunci. Kotu ba ta ɗora wa wanda ya sha kaye duk abin da ka kashe, sai abin da doka ta halatta.

A Ingila, misali, ƙa'ida ita ce wanda ya sha kaye shi zai biya, amma alƙali zai duba ko kuɗin da aka kashe ya dace, kuma ya yi daidai da girman ƙarar. In aka yi shakka, mai biya ake sassauta wa. Ƙananan ƙararraki da ba su wuce fam 10,000 ba, galibi kuɗin lauya ba ya dawowa. Tun Oktoban 2023 kuma, ƙararraki da dama har zuwa fam 100,000 an yanka musu ƙayyadadden adadin kuɗin shari'a da za a iya maidowa.

Amurka ta fi tsanani. Kowa shi ke biyan lauyansa, sai in wata doka ko yarjejeniya ta ce akasin haka, kamar yadda Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar kamfanin bututun mai na Alyeska a 1975. A kotunan tarayya, abin da ke dawowa ya haɗa da kuɗin shigar da ƙara, na kwafin takardu, da alawus ɗin shaida, dala 40 a rana, ko da ƙwararre ne ka ɗauko da dubban daloli.

Wani abin da ke jawo asara kuwa, rashin rasit ne. Ka ajiye na kowace takarda da aka buga wa hatimi, da na kai sammaci, da kwanan wata. Ɗage zaman da kai ka jawo, kai za ka ɗauki nauyinsa. In an yi maka tayin sulhu a rubuce ka ƙi, sannan hukunci bai fi tayin ba, kana iya biyan kuɗin abokin shari'arka daga lokacin tayin. Ka tambayi lauyanka wa'adin neman kuɗin: a kotunan tarayyar Amurka, kwana 14 ne bayan hukunci ga mai neman kuɗin lauya.